New Moon: In Saya Ko In Haƙura?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Na karanta Twilight na Stephenie Meyer, labarin Bella da saurayinta Edward mai shan jini, har ya hana ni barci. Ƙawata ta karanta na biyun, New Moon, ta ce ba shi da armashi, wai Edward ɓacewa ya yi kusan duk littafin. Kuɗin littafi ɗaya gare ni. In saya?
Wata ɗaliba daga Zariya

Amsa: Ƙanwata, ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, sai dai rabin zance ta ba ki. New Moon ya fito a 2006, shekara guda bayan na farko, kuma tun a farkonsa abin ke lalacewa. A walimar cikar Bella shekara 18, takardar kyauta ta yanke mata yatsa, jini ya ɗiga a gidan masu shan jini, Jasper, ɗan'uwan Edward, ya yi kanta. Edward ya ga zamansa da ita haɗari ne, shi da danginsa suka tattara suka bar garin Forks, inda Bella take zaune.

Abin da ya biyo baya shi ne ya gundiri ƙawarki, ni kuwa nan ne ya fi kama ni. Akwai shafuka huɗu da babu komai a kansu sai sunan wata: Oktoba, Nuwamba, Disamba, Janairu. Duk wadda aka taɓa yaudara ta san irin waɗannan watannin. Daga nan Jacob Black, yaron ƙabilar Quileute ta 'yan asalin Amurka, ya shigo, suna gyaran tsofaffin babura tare, Bella ta fara dawowa hayyacinta. Shi ma da nasa sirrin, ba zan fasa miki ƙwai ba.

(Af, kada ki ce da su Edward mayu. Maye kurwa yake kamawa, waɗannan jini suke sha, su Edward ma na dabbobi.)

Inda nake da ƙorafi shi ne yadda Bella ke jefa kanta cikin halaka, har da faɗawa teku daga kan dutse, don kawai ta ji muryar Edward a kunnenta. In ƙaramar ƙanwa za ki miƙa wa littafin, ku tattauna wannan wajen. Ga shi ya haura shafi 500, tsakiyarsa tafiyar hawainiya yake yi, sai labari ya kai garin Volterra na Italiya, wajen sarakunan masu shan jini, Volturi, sannan yake ɗaukar zafi.

Tsallake shi ba zai yiwu ba, don ba za ki gane kishin da ke cikin na uku, Eclipse na 2007, ba tare da shi ba. Amma tunda ƙawarki na da shi kuma ba ta so, ari nata ki karanta, kuɗinki ki ajiye wa Eclipse.