Tambaya da Amsa: Kwalin Kallon Kusufin Rana

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar kimiyya ce a wata firamare a Zariya. Ɗalibaina sun ji labarin kusufin rana na 2027, sun hana ni sakat. Ba mu da kuɗin tabarau na musamman, sai wani ya ce mu shafa wa gilashi baƙin hayaƙin fitila. Hakan zai yi?

Amsa: Wa alaikumussalam Malama. Ba zai yi ba, kada ma ki fara. A kusufin 29 ga Maris 2006, wanda ya ratsa Gana da Najeriya da Nijar, haka muka yi a unguwarmu, wasu kuma suka leƙa bokitin ruwa. Allah ne kawai ya tsare. Hayaƙin yana rage ƙyalli ne, amma hasken da ke ƙona fatar bayan ido yana wucewa. Wurin kuma ba ya jin zafi, don haka yaro zai yi ta kallo yana dariya, sai bayan sa'o'i ya fara ganin dishi-dishi. Baƙin tabarau da tsohon hoton ƙashi na asibiti duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Ki sa kowane yaro ya zo da kwalin taliya. A gefe ɗaya a yanke ƙaramar taga, a manna mata takardar nan mai ƙyalli ta naɗe abinci, a huda tsakiyarta da allura. Huda ɗaya tak, ƙarama, domin in ta yi faɗi hoton zai dagule. A ɗaya gefen, daga ciki, a liƙa farar takarda. Sai a buɗe wata 'yar kafa ta leƙawa kusa da tagar. Yaro ya juya wa rana baya, ya leƙa: zai ga rana a kan takardar, 'yar mitsitsiya, wata yana gutsurarta. Kwali mai tsawon rabin mita hoton da zai ba da bai kai rabin santimita ba, shi ya sa na fi son dogon kwali.

Ranar ita ce 2 ga Agusta 2027. Luxor ta Masar da Jidda da Makka za su ga rana ta rufe ruf, mu nan gefenta kawai za a ci, saboda haka babu daƙiƙar da za a ɗaga kai. Damina ce, gajimare na iya yi mana cikas. In sama ta washe, ki ari matsamin ƙosai, ki kara shi sama da farin ƙyalle: kowace huda za ta zana nata jinjirin.