Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Masu Haƙar Kwal da Kamfanin Lantarki Ba Sa Jituwa Kan Farashi?

Tambaya: Na ji an ce a Indonesiya gwamnati ce ke yanke farashin kwal ɗin da ake sayar wa tashoshin lantarki, kuma ƙananan masu haƙa suna kukan an cuce su. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Abin da ka ji haka yake. Tun 2018 gwamnatin Indonesiya ta ƙayyade cewa kwal ɗin da za a sayar wa PLN, kamfanin lantarki na gwamnati, ba zai wuce dala 70 kan tan ɗaya ba, kuma ta wajabta wa masu haƙa su ware kashi 25 cikin ɗari na abin da suka haƙo don amfanin cikin gida. Dalilinta mai ƙarfi ne: akasarin wutar ƙasar da kwal ake samar da ita, in ya yi tsada sai talaka ya ji a jikinsa.

Amma dala 70 ɗin nan ta kwal mai inganci ce, wanda ƙarfin zafinsa ya kai kilokalori 6,322 a kowane kilo. Duk wanda bai kai haka ba, a ƙasa da wannan ake sayensa. Nan ne ƙaramin mai haƙa ke shan wuya. Babban kamfani yana da hanyarsa da tashar lodinsa, asarar da ya yi a gida kuma ya mayar da ita daga cinikin Sin da Indiya. Shi kuwa ƙarami a cikin dajin Kalimantan, ɓangaren Indonesiya na tsibirin Borneo, hayar mota zai yi, ya biya kuɗin jirgin dako a kogi, sau da yawa ma ta hannun dillali kayansa ke isa tasha. Kafin kuɗi su zo hannunsa an gama yanke su. Farashi ɗaya ne a takarda, amma ɗawainiyar kowa daban.

A ƙarshen 2021 farashin waje ya haura dala 200, masu haƙa da yawa suka karkata ga ƙetare, rumbunan PLN suka kusa ƙarewa. Ranar 1 ga Janairun 2022 gwamnati ta hana fitar da kwal baki ɗaya, hukuncin ya haɗa da wanda ya cika alkawarin ware kason cikin gida da wanda ya saɓa, kafin a sassauta bayan 'yan makonni.

A ganina PLN na da hujja wajen neman farashin da ba ya hawa da sauka, ƙananan masu haƙa kuma ba ƙarya suke yi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar tallafin wutar ƙasa guda a wuyan wanda bai da ƙarfin kauce masa. An taɓa kawo shawarar a riƙa karɓar wani kaso daga duk masu haƙa, a cike giɓin waɗanda suka sayar a gida. Wannan ya fi kusa da adalci, muddin za a riƙa biyan ƙananan kan lokaci, kuma a yi gwajin ingancin kwal a gaban ɓangarorin biyu.