Shin Kabad Ɗin Kicin Yana Bukatar Mai Kamar Akushi?

Assalamu alaikum. 'Yata, saƙonki ya iso ni, na kuma ga tambayarki cewa tunda kin taso kin ga kakarki tana shafa wa akushi da turmi mai, shin haka ya kamata ki riƙa yi wa kabad ɗin katako da aka kafa miki a kicin. Amsar ita ce a'a, amma bari in faɗa miki dalilin al'adar, domin ki san abin da za ki ɗauka a cikinta da wanda za ki bari.

Kayan da iyayenmu suka yi aiki da su, wato turmi da taɓarya da akushi da muciya, masassaƙi ne yake fitar da su daga ice guda, babu fenti babu fanish a jikinsu, kuma turmi da taɓarya an fi son na ƙirya saboda taurinta. Ice tsurarsa yana shan laima da damina ya kumbura, idan hunturu ya kama daga Disamba zuwa Fabrairu kuma iska ta busar da shi har ya tsage. Saboda haka ne ake murza masa man shanu ko man gyaɗa, musamman yana sabo, domin man ya ratsa shi ya rage masa shan ruwa. Dalilin ke nan kuma da ya sa ba a barin akushi ya kwana a jiƙe, ba a shanya shi a tsakar rana, turmi kuwa ana gama daka ake kife shi a inuwa. Har camfin da ake tsoratar da yara da shi kada su zauna a kan turmi, a ganina tsabtar abin da ake sarrafa abinci a ciki ake karewa.

Kabad ɗinki kuwa ba haka yake ba. Ko da kafinta ya yi shi da katako na ainihi, ya riga ya rufe fuskarsa da fanish, saboda haka man da kika shafa ba shi da hanyar shiga. A sama zai zauna ya yi danƙo, ƙurar hunturu ta manne masa, daga baya warinsa ya canja ya jawo kyankyasai da tururuwa. Ga shi kuma yawancin na yanzu filawud ne, ko allunan garin katako da aka matse da gam waɗanda kafintoci ke kira MDF, kuma wannan na biyun da zarar ruwa ya shiga gefensa ya kumbura, ba ya sake komawa yadda yake.

Abin da za ki gada daga kakarki shi ne tsoron barin ruwa a jikin ice. Ki sa ɗan sabulun wanke-wanke a ruwa mai ɗumi, ki tsoma tsumma mai laushi ki matse shi sosai, ki goge kina bin tsawon katakon, sannan nan take ki bi da busasshen tsumma. Ki fi ba da hankali ga murafen da ke saman murhu da wajen mariƙi, domin nan ne tururin suya yake sauka, kuma maiƙon kwana ɗaya ya fi na wata guda sauƙin fita. Toka da soson ƙarfe na tukunya ne, idan kika kai su jikin kabad za su kankare fanish ɗin su bar katakon a buɗe. Kada kuma ki jera kwanuka a ciki suna ɗigar ruwa, sai sun tsane a kwando.

Da damina, musamman a watan Agusta, ki riƙa buɗe murafen su sha iska, kina leƙa ƙarƙashin wajen wanke-wanke ko bututu yana yoyo. Idan kika ga siririn layin ƙasa yana hawa bango ta bayan kabad ɗin, gara ce, ki sa maigidan ya kira kafinta a ranar. Muciyarki da maburginki kuwa, su ki ci gaba da shafa musu mai yadda kika ga ana yi a gida.