Makin Lensi da Fuskar Amarya

Ka ce me ya hana ni sayar da tsohon lensina na 85mm in sayi wanda ka ga ya fi shi maki a DXOMARK. Ajiye wayar, ɗana, ka zauna.

Kamfanin nan na Faransa ya daɗe yana gwada kamara da lensi yana ba su maki, kuma ba ƙarya yake yi ba. Amma ka san yadda ake yin sa? Allo ne shimfiɗaɗɗe mai zanen layuka, kamara a kan ƙafa uku ko motsi ba ta yi, haske kuma a daidaice. Su auna kaifin hoto, da yawan hasken da ke ratsa gilashi, da ko miƙaƙƙen layi yana lanƙwashewa, ko kusurwoyi suna duhu, ko bakin abu yana fitar da ja ko kore. Duk su dunƙule su cikin lamba ɗaya. Lambar ma ba ta lensin kaɗai ba ce. Ɗora shi a kamara mai megafiksel 45, maki ya hau, mayar da shi kan mai 20, ya sauko, alhali gilashin shi ne dai.

To, fuskar mutum ba allo ba ce. Lensin da aka rage wa maki saboda kusurwoyinsa sun yi laushi, ni ina ruwana? Idon amarya nake bi, kusurwa kuwa labulen da ke bayanta ne, wanda da gangan nake narkar da shi. Kai, wani lokacin kaifin ma illa ne. Ka fito wa da uwar amarya kowane ƙurji da tamoji a fuskarta, ka ga ko za a sake kiranka.

Abin da ke ɓata mana aiki ba ya cikin makin. Fitilar ɗakin biki ta bugo gilashi daga baya, hoto ya yi fari-fari kamar hazo. Mahayin doki ya taso a guje ranar Hawan Daushe, lensi yana ta laluben inda zai tsaya, har ya wuce. Hannunka ya girgiza a 1/30, wato sa'ad da kamara ke buɗe wa haske na kashi ɗaya cikin talatin na daƙiƙa. Ka matse kafar shigar haske ta lensi zuwa f/22, kaifin da ka biya kuɗi dominsa ya dushe.

Ga kuma wani abu. Roger Cicala na Lensrentals a Amurka ya sha gwada lensi iri ɗaya da yawa, ya ga ba sa fitowa daidai da juna. Wanda aka auna a Faransa ba shi ne za a miƙo maka a shago ba, balle na hannu.

Ni ma ina duba makin, don ya nuna min wanda ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Ranar Asabar ka ari wancan, ka ɗauki nawa, ka ɗauki mutum ɗaya rana tana bayansa, a f/2.8 da f/8. Ka wanko su manya ka kawo min, kada ka faɗa min wanne ne na wanne.