Ku Tambaya: Zan iya zuwa Yankari da karena?

Salamu alaikum Malam. Ina Bukuru, ina so in kai iyali Yankari hutun ƙarshen shekara, to amma ina da karen gadi da yara suka shaƙu da shi, sun ce ƙafarsu ƙafarsa. Me ka gani?
Mai karatu daga Bukuru

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, don ni ma na taɓa wannan gangancin da nawa karen, Bingo.

Kuskurena na farko tun a gida na yi shi, na cika masa ciki da tuwo da asuba wai kar ya ji yunwa, ai ko Tilden Fulani ba mu kai ba ya amaye shi tas a kan kujerar baya, uwargida ta ce wallahi ko shi ko ita. Bai saba shiga mota ba. Ka fara ɗan zagayawa da shi cikin gari kwanaki kafin tafiya, ranar kuma ruwa kawai sai kun isa.

Sai zafi. Karen da ya tashi a sanyin Jos bai san rana ba, Jos zuwa Bauchi wajen kilomita 130 ne kuma gangara ake yi, muna wuce Nabordo ya zaro harshe yana haki kamar zai shiɗe. Kare ba ya gumi irin namu, da hakin nan yake huce jiki, don haka ko lemo za ka sauka saye kar ka rufe shi a mota. Saka shi a but ɗin mota kuwa kar ma ka fara.

A Bauchi na haƙura na bar shi gidan surukina, kuma da muka isa Wikki, masaukin baƙi na cikin Yankari, sai na gode Allah. Gwaggon biri ne ko'ina, ba sa tsoron kowa, a gabana wani ƙato ya fizge ledar burodi daga hannun ƙaramar 'yata ya koma gefe ya zauna yana ci yana kallonmu. Bingo da ba ya ganin ko akuya ya ƙyale, da yana wurin sai ya bi shi, kuma haƙoran birin nan sun fi nasa tsawo. Ga kaska a ciyawa, ga tsando mai sa sammore, ba shanu kaɗai yake kamawa ba har karnuka.

In ka dage, kira ma'aikatan Yankari tukuna ka ji ko za su bar shi ya wuce getin shiga na Mainamaji, don a gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu sam ba a shiga da kare. Ka tabbata an masa allurar haukan kare, ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom nan kusa da ku, ka riƙe katin. Amma ni dai shawarata a bar shi gida, yara suna faɗawa ruwan ɗumin Wikki za su manta da shi har la'asar.