Hemant Kumar: Mawaƙin da ya koma tsara kiɗan fim

Tambaya: Malam, wani ya ce mini wanda ya haɗa kiɗan macijin nan na tsohon fim ɗin Indiya, Nagin, asalinsa mawaƙi ne. Gaskiya ne? To ta yaya mai rera waƙa yake komawa mai tsara kiɗa?

Amsa: Gaskiya aka faɗa maka, ɗan'uwa. Sunansa Hemanta Mukherjee, amma a finafinan harshen Hindi an fi saninsa da Hemant Kumar. An haife shi a Banaras a 1920, ya tashi a Kalkata, a can kuma ya rasu a 1989. Ya fara karatun injiniya ya watsar saboda waƙa, faifansa na farko ya fito a 1937. Waƙoƙin shahararren marubucin waƙa Rabindranath Tagore na harshen Bengali su suka goge masa murya, murya mai kauri da sanyi wadda ba ta gaggawa.

Kafin ka gane girman wannan sauyi, sai ka san yadda ake rabon aiki a fim ɗin Indiya. Wani ne ke rubuta baitoci. Mai tsara kiɗa shi ke ƙirƙiro karin waƙar, ya zaɓi kayan kiɗa, ya zaɓi wanda zai rera, ya kuma sa kiɗan da ke bin labari a bayan fage. Mawaƙi ya shiga situdiyo ya rera, jarumi kuwa nasa motsa baki ne a gaban kyamara. A wancan zamani mawaƙi da makaɗa tare ake ɗaukarsu a zama guda, idan mai goge ɗaya ya kuskure sai a koma farko. Ke nan mawaƙi ɗan aike ne, mai tsara kiɗa shi ne mai gayya.

Hemant ya fara tsara kiɗa a finafinan Bengali, sannan a 1951 ya koma Bombay, inda kamfanin Filmistan ya ba shi aikin tsara kiɗan fim ɗin Anand Math, wanda ya fito a 1952. Bai ajiye waƙa ba. A shekarar ma ya rera wa mai tsara kiɗa S. D. Burman a fim ɗin Jaal, wato yana ba da umarni a wannan situdiyo, yana karɓa a wancan.

Sai Nagin a 1954, wanda ya jawo masa kyautar Filmfare, babbar lambar yabo ta finafinan Hindi. Nan ne abin dariyar yake. Mutumin da aka sani da murya, abin da ya fi ɗaukaka shi busa ce, kuma busar ma ba ta gaske ba. Gardawan Indiya da duma busasshe suke yin abin busarsu, su liƙa masa kara biyu. A fim ɗin kuwa, wani makaɗi mai suna Kalyanji ne ya fitar da sautin da clavioline, wata ƙaramar na'ura mai aiki da lantarki da aka ƙera a Faransa, mai maɓallai irin na piyano, wadda sauti ɗaya kawai take fitarwa a lokaci guda, shi ya sa ta yi kama da busa. Ravi, mataimakin Hemant, ya raka shi da harmoniyam. Dukansu biyu daga baya sun zama manyan masu tsara kiɗa. (Maciji dai ba kiɗan yake bi ba, motsin gardi yake kallo.)

A ganina, in kana son jin mawaƙin da ke cikin mai tsara kiɗan, ba Nagin za ka nufa ba. Saurari waƙoƙin fim ɗin Bees Saal Baad na 1962, wanda shi ne ma ya shirya shi da kuɗinsa, ko Khamoshi na 1969. Za ka ji kayan kiɗa 'yan kaɗan, sun ja baya sun bar wa murya fili. Ya san inda numfashi ke ƙarewa, don haka yana barin gurbin shaƙar iska a tsakanin baiti da baiti, kuma ba ya kai mawaƙi inda maƙogwaronsa zai shaƙe. Shahararriyar mawaƙiya Lata Mangeshkar ta rera masa wasu daga cikin waƙoƙinta mafi taushi. Masu son hayaniyar ganguna sukan ce kiɗansa ya cika sanyi, kuma ba ƙarya suka yi ba.