Amsoshin tambayoyinku kan haɗa ƙananan jiragen yaƙi: me zan saya, me zan bari?

Jama'a barkanmu da warhaka. Tambayoyi sun taru a wajena sosai kan wannan harka tamu ta haɗa ƙananan jirage, na sama da na ruwa, kuma yawancinsu magana ɗaya ce, wato ina zan sa kuɗina. Na tsinci guda biyar, wasu na taƙaita su saboda tsawo.

Tambaya ta farko daga wani ɗan'uwa: "Malam ina gaisuwa. Ni ban taɓa haɗa ko ɗaya ba, amma na ga kwalin Bismarck na sikeli 1/350 wanda ya zo har da ƙananan kayan tagulla, raina ya biya sosai kuma kuɗin na riga na tara. In saya kawai?"

Ɗan'uwa don Allah ka dakata, Bismarck fa babban jirgin yaƙin ruwa ne na Jamus. Ba wai ina kashe maka gwiwa ba ne, Bismarck zai jira ka, amma in ka fara da shi ina maka tsoron kwalin nan zai ƙare a saman sif da rabin aiki. Jirgin na gaske tsawonsa mita 251 ne, in ka raba da 350 za ka samu kusan santimita 72, to tun kafin maganar haɗawa ma ka tambayi kanka ina za ka ajiye shi inda ƙura da hannun yara ba za su kai ba. Sannan waɗannan kayan tagullar da suka ja hankalinka, su ne fa wahalar. Shingen da ke zagaye da dandamalin jirgin siriri ne ƙwarai, gam ɗin roba ba ya kama shi sam sai sufa gulu, kuma in ka lanƙwasa shi ba daidai ba ka zo miƙewa ka sake lanƙwasawa, karo na biyu ko na uku zai tsinke a hannunka, ga shi kana da mita-mita na irinsa a gabanka.

Abin da nake ba kowa shawara shi ne ya fara da jirgin sama mai inji ɗaya. Ɗauki Spitfire misali, faɗin fukafukansa mita 11 ne da 'yan kai, a sikeli 1/72 zai zo wajen santimita 15 da rabi, a 1/48 kuma wajen 23. Ni na fi son 1/48 ga mai farawa in babba ne, saboda yatsu suna iya kama gutsattsarin kuma mazaunin matuƙi yana fitowa a gan shi, duk da dai 1/72 ya fi araha kuma bai cin wuri. Na kamfanin Tamiya na Japan sun yi suna wajen haɗuwa lafiya, ɓangare na shiga ɓangare ba tare da ka yi ta cike rami da fila kana goga da samfefa ba. Airfix na Ingila ma sababbin nasu suna da kyau. Amma ga wani tarko da ba a faɗa wa sabon shiga: kwali na iya zama sabo fil da hoto mai ƙyalli alhali mazubin da aka zuba robar na shekarun 1960 ne ko 1970, irin waɗannan sai ka ga tsaga tsakanin fiffike da jiki wadda farce zai shiga. Airfix kam suna rubuta Vintage Classics a kan tsofaffin nasu, wasu kamfanonin ba sa faɗa. Kafin ka biya ka duba sunan kwalin a shafin intanet na Scalemates, a can za ka ga shekarar da aka fara yin mazubin da duk kamfanonin da suka sake sa shi a nasu kwalin.

In kuma ka ce kai dai na ruwa kake so ko ana ha maza ha mata, to nemi Fletcher na Tamiya a 1/350, distiroya ce, wato ƙaramin jirgin yaƙin ruwa mai sauri, ta Amurka wadda aka ƙera guda 175 lokacin yaƙin duniya na biyu, samfurin bai wuce santimita 33 ba, za ka koyi komai a kansa ka kuma ga ƙarshensa. Ka gama wannan, sai mu yi maganar Bismarck.

Ta biyu, wata baiwar Allah ce: "Yarona shekararsa 10, kullum yana kallon bidiyon masu haɗa jirage, ina so in saya masa amma ban san komai a kai ba."

Hajiya Allah Ya raya shi. Ki nemi abin da Airfix ke kira Starter Set, a ciki akwai jirgin, ɗan gam, 'yan fenti da burushi, ba sai kin sayi komai daban ba. In kina ganin bai kai riƙe gam ba akwai Quickbuild nasu, shi maƙala shi ake yi kawai kuma da launinsa yake zuwa. Revell su kuma suna sa lamba 1 zuwa 5 a kan kwali don nuna wahala, ki tsaya a ƙananan lambobin. Kar ki ɗauko masa mai fiffike biyu sama da ƙasa irin na yaƙin duniya na ɗaya, daidaita sandunan tsakani yana ba manya ma haushi. Fenti ya zama na ruwa, reza kuma ta zauna a hannun babba, a buɗe taga in ana aiki da gam. Kuma Hajiya in ya gama kika ga fentin ya yi kauri ga shatin yatsa a jikin fiffike, ki yaba masa ki sa shi inda baƙi za su gani, na farko haka yake fitowa ga kowa.

Ta uku: "Oga, abokina ya ce in ba ni da bindigar feshin fenti ɓata lokacina nake yi. Da gaske ne? In haka ne wacce zan saya?"

Ba gaskiya ba ne, ko in ce rabin gaskiya ce. Akwai mutanen da ke aiki da burushi zalla kuma sai an gaya maka za ka gane. Sirrin shi ne ka tsinka fentin, irin su Vallejo da ruwa kaɗan ma ya isa, ka shafa siriri ka bari ya bushe, shafin farko zai yi muni har ka ce ka ɓata, na biyu ya fara rufewa, na uku ya kwanta lumui. Masu cewa burushi ba ya yi yawanci daga kwalba suke ɗiba kai tsaye su lafta sau ɗaya. Jiragen Ingila irin su Spitfire da Hurricane iyakar launukansu a fili take, burushi na yinsu da kyau. Kafin bindiga ni zan ce ka fara mallakar 'yar filayar yanka mai kaifi, reza, samfefa mai laushi daga lamba 400 zuwa 1000, matsefata, tef na rufe fenti, da gam mai ruwa-ruwa irin Tamiya Extra Thin wanda kake haɗa ɓangarori biyu ka taɓa bakin da ɗan burushinsa ya bi tsagar da kansa ya narkar da robar ta zama ɗaya. Waɗannan su ne ke bambanta aiki mai tsafta da na garaje, domin fenti komai kyansa ba ya ɓoye tsagar da ba a goge ba, ƙara tona ta ma yake.

Inda abokinka ke da gaskiya shi ne jiragen Jamus irin Bf 109 da Fw 190 masu ɗige-ɗigen nan a gefen jiki da bakinsu ke narkewa cikin launin ƙasa, su da feshi aka yi su tun asali, burushi zai wahalar da kai. Haka ma babban jirgin ruwa mai faffaɗan jiki. In lokacin ya yi ka nemi bindiga mai kofi a sama, mai maɓallin da kake dannawa iska ta fito ka ja baya fenti ya fito, baki milimita 0.3 ko 0.35, shi ke yin komai. Iwata da Harder & Steenbeck sunaye ne da aka sani amma ba dole ka fara da su ba. Ni a ganina kwamfuresa ya fi cancantar kuɗinka, mai tanki da matarar ruwa, saboda wanda ba shi da su zai riƙa turo iska guntu-guntu kuma wata rana kana tsakar feshi ya tofa maka ɗigon ruwa a kan fiffike. Iskar gwangwani kar ma ka fara, tana ƙarewa da wuri kuma ƙarfinta na sauka in gwangwanin ya yi sanyi. Matsin 15 zuwa 20 PSI ya isa yawancin aiki. Takunkumi kuma ba na ado ba ne, musamman in ka koma fenti mai ƙarfi irin Mr. Color, nemi mai matatar tururi ka yi aiki inda iska ke fita, huhunka ya fi kowane jirgi.

Ta huɗu ita ce wadda na fi so, kuma a kanta zan ɗan daɗe: "Na sayi kwalabe da yawa na tsufar da fenti, na tsatsa, na ƙura, na baƙin mai, na zuba su duka a kan Mosquito ɗina amma ya fito kamar daga bola aka tono shi. Wace kwalba ce ta rage ban saya ba?"

Ƙanena babu kwalbar da ta rage, hoto ne ya rage. Kafin ka taɓa komai ka nemo hoton jirgin na gaske na lokacin yaƙi, in da hali na rundunar da kake yi da shekarar da kake yi, ka zauna ka kalle shi da kyau, duk dattin da ka gani ka tambayi kanka me ya kawo shi nan. Mosquito da ka ambata, kamfanin de Havilland da katako suka yi yawancin jikinsa, to ina tsatsa za ta fito, ina farin ƙarfe zai leƙo a tsakiyar fiffike? Sai dai wajen murfin inji da 'yan wuraren da ke da ƙarfe. Hurricane ma bayan jikinsa yadi ne aka ɗaura a kan firam. Su kansu masu jikin alminiyom ba sa jar tsatsa, bututun hayaƙi ne ke yin ja-ja saboda zafi.

Duba Spitfire da kyau za ka ga ɓarewar fenti ta fi yawa a gindin fiffiken hagu, saboda ta nan matuƙi ke hawa da takalminsa, sai bakin murfin bindigogi da na inji inda makanikai ke buɗewa kullum da sukudireba, sai gaban farfela. Hayaƙi kuma yana bin hanyar iska ne, ya fito daga bututu ya kwanta a gefen jiki yana dushewa a hankali, kuma ba baƙi ƙirin ba ne, sau da yawa akwai toka-toka a tsakiyarsa saboda dalmar da ke cikin man jirgi. Jiragen Japan na ƙarshen yaƙi su kam fentinsu ya ɓare sosai don da yawa an fesa musu kore ne kai tsaye a kan ƙarfe ba shafin ƙasa, amma Zero na 1941 tsaf yake, in ka ɓare shi ka yi wa tarihi ƙarya. Corsair na Amurka da ya zauna a tsibiran Fasifik rana ta cinye shuɗinsa ya koɗe. Kowanne da labarinsa.

Na ruwa ma haka. Ƙananan jiragen rakiya na Ingila da Kanada irin ajin Flower da suka yi ta kai da kawowa a arewacin Atlantika, su ka sa musu tsatsa ba laifi, daga ramin anka da magudanan ruwa tana gangarowa ƙasa. Amma Bismarck da ɗan'uwanmu na farko ke so, a Agustan 1940 ya shiga aiki, a Mayun 1941 aka nutsar da shi, bai yi tsufan da zai yi kaca-kaca ba.

Kayan aikin kuwa kaɗan ne. Fentin mai na masu zane kala uku, baƙi, ruwan ƙasa mai duhu da fari, da tina mara wari, sun isa su yi maka rabin abin da kwalaben nan ke yi. Ka fara fesa ko shafa banish mai ƙyalli na ruwa a kan fentinka ya bushe sosai, shi ne garkuwa, in ba shi tinar za ta iya cin fentin ƙasa. Sai ka tsinka fentin ruwan ƙasan da tina ya zama ruwa-ruwa ka taɓa layin da aka zana a jikin jirgin da bakin burushi, zai gudu cikin layin da kansa, bayan ɗan lokaci ka goge rarar da auduga kana bin hanyar da iska ke bi, daga gaba zuwa baya, a jirgin ruwa kuma daga sama zuwa ƙasa. Ɓarewar fenti kuma yagi ɗan soso ka riƙe da matsefata, ka tsoma a fenti mai ruwan azurfa, ka daddanna a takarda har ya kusa bushewa kafin ya taɓa jirgin. Fensir mai ruwan azurfa ma na yi. Kuma ka tuna sikeli: ɓarewar milimita 2 a 1/72 daidai take da kusan santimita 14 a jirgin gaske, ya ma fi faɗin tafin hannu ke nan. In ka ji zuciyarka ta ce a ƙara kaɗan, ajiye burushin ka dawo gobe ka kalla da sabon ido.

Ta ƙarshe gajeriya ce: "Sitikun jirgina suna ƙyallin fari a gefe, gilashin matuƙi kuma ya yi hazo. Me zan saya?"

Malam sitikun iska ce ta maƙale ƙarƙashinsu saboda ka ɗora su a kan fenti mara ƙyalli, wanda fuskarsa ke da kaushi ko da ido bai gani ba. Banish mai ƙyalli tukuna, sai sitika da ruwan ɗumi, sai ruwan kwantar da sitika, Micro Set a ƙasa, Micro Sol a sama, in ta yamutse kar ka taɓa ta za ta miƙe da kanta, in ta bushe ka rufe da banish mara ƙyalli. Waɗanda suka riga suka yi fari ka tsattsaga su da bakin allura ka ɗiga Micro Sol, sau da yawa suna kwanciya. Gilashin kuma tururin sufa gulu ne ya ɓata shi, nan gaba ka manna shi da farin gam na katako, yana bushewa garau kuma in ya fito waje ka share da jiƙaƙƙen tsinke kafin ya daskare.